Duwatsun Goggo Jumma da Injin Zariya

A shekarar da kuɗin Udoji na ƙarin albashi suka shigo gari, kusan kowane ma'aikacin gwamnati a Gombe ya sami abin da zai dami maƙwabta da shi. Wani ya sayi babur, wani rediyo mai kaset, wani kuma firji, alhali ko wutar lantarki ba a kai unguwarsu ba. Shi kuwa Malam Cornelius, malamin kimiyya a wata sakandare ta garin, abin da ya zo da shi daga kwas ɗin wata shida a Zariya ba a ɗaukarsa a hannu. Labarin wani inji ne, kuma ya fi babur ƙara.

Mutumin Kaltungo ne, dogo siriri, mai tabarau da ke yawan zamowa bisa hanci. Yana haya a Kumbiya-Kumbiya, ɗaki biyu a gidan Goggo Jumma, shi da matarsa Margaret wadda ke aikin jinya a asibiti, da 'yarsu Hilda. Goggo Jumma tsohuwar Bafillatana ce da mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu. Ta ɗauki Margaret tamkar 'yar cikinta. Cornelius kuma ta ɗauke shi tamkar suruki, wato abin tsokana.

Tun da ya dawo, ba a gama cin tuwon yamma a tsakar gidan nan ba tare da an ji labarin injin ba. A cewarsa, duk abin da ke duniya an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma ƙwayoyin nan ba sa zama shiru, kullum rawa suke yi. Rawar gishiri daban, ta man gyaɗa daban, ta roba daban. Injin yana haska abu da wani haske wanda shi ma ido ba ya ganinsa, abin ya shanye ɓangaren hasken da ya dace da rawarsa, sai wani alƙalami ya zana layi mai hawa da sauka a kan takarda. Wanda ya iya karatun layin, zai faɗa maka ko mene ne abin.

"To ni dai ban gane ba, Ticha," in ji Goggo. "Abin da ke rawa ba a gani, hasken ba a gani. Kai me ka je ka gani a Zariya har wata shida?"

"Takardar, Goggo."

"Takarda kuma ai akwai ta a Gombe."

Daga nan ta laƙaba masa Malam Rawa. Kafin sati ya zagayo, har mai sayar da kalanzir na bakin layi da sunan yake gaishe shi.

Goggo tana da wata sarƙa ta duwatsun lubban guda bakwai, manya masu ruwan zuma, na tsakiyar ya kusa kai ƙwan zabo. Ba ta sa su sai ranar suna ko biki. Wata Asabar da la'asar ta dawo daga suna, tana cire mayafi sai zaren ya tsinke, duwatsun suka watse a tsakar gida. Ɗaya ya gangara ƙarƙashin turmi, ɗaya ya nufi wajen kaji. Cornelius da ke gyaran takardun ɗalibai a gindin darbejiya ya tashi ya taya ta tsincewa. Da ya ɗaga ɗaya ya ji rashin nauyinsa, sai ya tsaya yana juya shi a rana.

"Goggo, kin san mene ne wannan? Ƙaro ne fa. Ƙaron itatuwa ne da ya daɗe a binne har ya zama dutse."

"Ƙaro ka ce? Miƙo min abina. Kakata ta gada wurin uwarta, fatake suka kawo daga Masar a kan raƙumi. Ƙaro ai ga shi can a jikin bagaruwa, yara na ɓamɓara."

Margaret, wadda ke tankaɗe a ƙofar ɗaki, ta sa baki ba tare da wata manufa ba. Ta ce jiya ma ta ga irinsu sak a Kasuwar Gombe, a rumfar Hyginus mai kayan kwalliya, an zuba su a faranti kamar goro.

Goggo ta juyo a hankali ta dube ta. "Margaret, na Hyginus roba ne."

"Ai haka na ce a raina, Goggo. Sai dai shi ya rantse duk lubban ɗin garin nan daga kamfani ɗaya suka fito."

Cornelius ya matso kusa. Wata huɗu ke nan yana ba da labarin inji, ba a taɓa samun tambayar da injin zai amsa ba sai yau. Ya gyara tabarau, ya ce akwai hanyar da za a raba gardama. Ba sai an kai sarƙar ko'ina ba. Zai ɗan kankari gari daga cikin hudar kowane dutse, inda ba mai gani, abin da bai kai ƙwayar gero ba.

"Ka kankari gwiwarka," in ji Goggo, ta ƙulle duwatsunta a gefen zane ta shige ɗaki.

Kwana uku yana bin ta. Ya gyara mata ƙofar bayi da ta daɗe tana ƙara, ya kawo mata goro fari daga kasuwa, ya ƙara yi mata bayanin hasken har sau biyu, wanda shi ne ya kusa ɓata lamarin gaba ɗaya. A rana ta huɗu Margaret ce ta shiga ɗakin Goggo ta durƙusa.

"Don Allah Goggo ki ba shi mu huta. Jiya har a wurin addu'ar abinci sai da ya ambaci injin nan."

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Da safe ta shimfiɗa tabarma ta jera duwatsun da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, yadda suke a zare. Cornelius ya zauna da sabuwar reza da allura da ƙananan ambulan bakwai, kowace da lambarta. Yana kankara gumi na ɗiga masa daga haɓa, ita kuma ta tsare shi da ido tana faɗin, "Ya isa haka. Ka ce ƙwayar gero, wannan ai ya kai masara."

Da aka ba da hutun makaranta ya hau jirgin ƙasa, ambulan bakwai a aljihun ƙirji, yana taɓa su a kai a kai. Jirgin ya bi ta Bauchi, ya tsaya a Kafanchan ya yi zaman da ya ga dama, kafin washegari ya sauke shi a Zariya da rigarsa duk ta yamutse.

Mai kula da injin a jami'a sunansa Titus, tsohon abokin karatunsa ne tun suna firamare, gajere mai fara'a. Ya karɓi ambulan ya leƙa ciki, ya ɗago ya dubi Cornelius.

"Daga Gombe ka taso saboda wannan ƙurar?"

"Ba ƙura ba ce, mutuncin gidanmu ne."

Titus ya sa farar riga. Ya zuba garin ambulan ta farko a wani ɗan ƙaramin turmi, ya haɗa da wani farin gishiri na musamman, ya niƙa har ya yi laushi. Ya zuba a wani ƙarfe ya matse da ƙarfi, sai ga wani ɗan faifai siriri, ana hango yatsa ta cikinsa. Ya sa shi a injin ya danna. Alƙalamin ya fara tafiya a kan doguwar takarda a hankali, yana gangarawa yana haurowa. Cornelius ya sunkuya a kai har sai da Titus ya ja shi baya, ya ce numfashinsa zai jiƙa gishirin.

Da layin ya kusa ƙarshe, sai ya yi wani ɗan shimfiɗaɗɗen tudu kafin ya faɗa rami. Titus ya daina wasa. Ya jawo wani littafi mai kauri, ya buɗe, ya ajiye takardar kusa da wani zane.

"Ka ga wannan wurin da ya kwanta kamar kafaɗa? Alamar lubban ɗin wani teku ne can arewacin Turai, inda ruwa ke daskarewa. Tsohuwarka ba da wasa take ba. Wannan ya yi shekara miliyoyi."

Cornelius ya ji kamar ya rungumi injin. Na biyu ma haka ya fito. Na uku kuwa, tun alƙalamin bai kai rabi ba Titus ya fara murmushi. Layin ya cika da ƙananan ramuka masu tsini, babu kafaɗa ko alama. Roba ce, in ji shi, irin tsohuwar robar nan mai tauri da ake yin kan tarho da maɓallin lantarki da ita. Na biyar ma haka. Na shida da na bakwai suka fito na gaske. Na huɗu, babban na tsakiya, shi ya ɗauki lokaci. Titus ya sake niƙa, ya sake matsewa, ya duba littafi biyu. A ƙarshe ya ce ƙaron itace ne tabbas, amma bai tsufa ba, bai gama zama dutse ba. Watakila shekara ɗari biyar, watakila dubu, injin ba zai iya yanke wannan ba. Daga wace ƙasa ya fito, shi ma ba zai rantse ba.

Murnar Cornelius ta tsaya a nan. A jirgin komawa bai ga Kafanchan ba, bai ga Bauchi ba. Takardu bakwai na naɗe a cinyarsa, yana ta jera maganar da zai faɗa yana rushewa. Sai a lokacin ya tuna cewa tun farko babu wanda ya tambaye shi. Tsohuwa na zaune lafiya da kayan kakarta, shi ne ya je ya sayo mata baƙin ciki da kuɗin jirginsa.

Da ya isa gida, Margaret ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Baban Hilda, ka ce mata injin ya lalace."

"Injin bai lalace ba."

"To ka ce takardun sun faɗi a jirgi."

"Ga su a hannuna, Margaret."

"To ka je ka faɗa mata."

Nan ma ya ce a'a. Abin da ya zaɓa shi ne ɓuya. Kwana biyar yana fita tun Goggo ba ta gama lazimi ba, duk da makaranta na hutu. Ya je ya zauna a tashar jirgi, ya zaga wajen injin gurzar auduga, wata rana har Tumfure ya taka ya tsaya kallon masu girbin dawa. In ya dawo ya yi sallama ƙasa-ƙasa ya faɗa ɗaki. Tsakar gida ta yi tsit, ba a ƙara jin labarin ƙwayoyi ba.

Rana ta shida yana lallaɓawa da takalmi a hannu, sai ya tarar da Goggo zaune a zaure a kan kujerar tsugunno, ta tare hanya, da ƙoƙon fura a gabanta.

"Malam Rawa, ina zuwa da sassafe haka? Ko gwamnati ta ƙara maka aikin gadin tasha? Mai kalanzir ya ce can yake ganinka."

"Ina kwana, Goggo."

"Lafiya lau. Ajiye takalmin nan. Ɗauko takardunka, ni ma in ɗauko nawa."

Suka zauna a tabarma a gindin darbejiya, Margaret ta tsaya a bakin ƙofa da 'yarsu a goye. Cornelius ya warware takardun ya danne gefensu da duwatsun murhu. Ya fara da tarihin hasken. Ya koma kan gishirin. Ya yi bayanin yadda alƙalamin ke tafiya. Goggo ta bar shi ya yi ta kewaye har ya rasa inda zai bi, sannan ta miƙa hannu ta zare dutse na uku da na biyar daga jerin, ta ajiye su gefe.

"Waɗannan ne suka hana ka cin tuwo?"

Bakinsa ya buɗe. Tabarau ya zamo, bai ko gyara ba.

Ta ɗauki na uku ta goga shi da ƙarfi a zanenta har ya yi zafi, ta miƙa wa Margaret. "Shinshina."

Margaret ta kai hanci ta yamutsa fuska. "Kai! Warin maganin da muke wanke ɗakin haihuwa da shi."

Goggo ta goga na farko ta miƙa mata. Wannan karon ƙamshi ne siriri, kamar an ƙona ɗanyen itace mai turare a nesa.

"Kin sani, Goggo?" in ji Cornelius. "Tun yaushe?"

"Tun ba a haife ka ba."

Goggo ta juya dutsen a tafin hannu. Sannan ta ce tana amarya, shekararta ta biyu a gidan mijinta Hammadu, sun je gaisuwa ƙauyensu da damina. A wajen ƙetare kogin Gongola kwalekwale ya karkata, ta kama wuyanta don tsoro, zaren ya tsinke. Biyar ta tsira da su a cikin zane, biyu ruwa ya tafi da su. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Da kaka Hammadu ya kora shanu Kano, ya dawo bayan wata biyu da wani ƙullin tsumma, ya ajiye mata a kan gado ya fita waje yana tari, wai shi ba ruwansa.

"Ina buɗewa na goga na shinshina, na san an cuce shi. Na leƙa ta taga, ga shi can yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba, yana satar kallon ɗakina. To me zan ce masa? Na zura su a zare na fito da su a wuya. Shekara talatin da ɗaya, in zan je biki sai ya ce, Jumma, nawa biyun nan sun fi na kakarki haske. In ce ƙwarai kuwa. Ai gaskiyarsa ce, sun fi haske."

Margaret ta share ido da bakin zane. Cornelius ya sunkuyar da kai yana kallon layukan Titus.

"Da kin faɗa min, Goggo, da ban je ba."

"Da na faɗa maka, da me za ka ba mu labari har shekara mai zuwa? Na ce bari in ga ko injin naka ya kai hancina."

Sai a nan Cornelius ya ɗago. Ya gyara tabarau, muryar aji ta dawo masa. "To, akwai abin da hancinki bai faɗa miki ba." Ya nuna mata kafaɗar da ke jikin takardu huɗu, ya ce waɗannan ba daga Masar suka fito ba. Ta Masar dai watakila suka biyo, amma asalinsu bakin wani teku ne mai tsananin sanyi a ƙarshen ƙasar Turawa, kuma itatuwan da suka zubar da ƙaronsu sun mutu tun shekara miliyoyi.

Goggo ta ɗauki ɗaya ta kara a kumatunta. "Ikon Allah. Shi ya sa kullum suke da ɗumi a wuya. Sanyi suka gudo wa."

"Saura wannan." Ya taɓa babban na tsakiya da ɗan yatsa, a hankali. "Ƙaro ne na gaske, Goggo, ba roba ba. Amma bai nuna ba. Yaro ne a cikinsu."

"Wannan? Uban sarƙar?" Ta fizge shi ta goga ta shinshina, ta sake gogawa. Fuskarta ta canja. "Ƙamshinsa ai ya fi na sauran ƙarfi."

"Shi ne alamar ƙuruciyar."

"Shekararsa nawa?"

"Ɗari biyar, ko dubu."

Ta ajiye shi ta dubi Margaret. "Kin ji mijinki? Shekara dubu, wai yaro. To ni da ban kai saba'in ba sai ku nemo min zanen goyo." Amma ta daɗe tana kallon dutsen, daga baya ta ce a hankali, "Ashe kakata ma an taɓa yi mata." Abin ya ba ta dariya ƙwarai, ta yi ta yi har da tari. Ranar da yamma ta aiki Margaret rumfar Hyginus ta sayo zare mai ƙarfi, ta zura duka bakwai ɗin yadda suke, kowane a mazauninsa. Takardun kuma ta karɓe, ta ce nata ne tunda garin duwatsunta aka niƙa.

Cornelius ya zaci magana ta ƙare. Bai san Goggo ta tafi da takardun wani biki a Jekadafari ba, ta baje su gaban mata tana nuna musu kafaɗa da ramukan nan masu tsini, tana cewa ɗanta na gida shi ya kai su Zariya aka haska. Asabar ta gaba yana shan koko sai ya ji sallama. Mata tara ne a zaure, kowace da ƙullinta. Wata lubban, wata murjani, wata tsakiya, wata ma haƙorin Makka take so a duba mata ko zinariya ce.

Ya rubuta wa Titus wasiƙa. Amsar ta zo bayan sati uku, layi huɗu kacal. Titus ya ce yana gaida Goggo da kyau, ya ce injin na ɗalibai ne, gwamnati ba don matan Gombe ta sayo shi ba, amma zai iya karɓar ambulan uku a wata in za a haɗo da kilishi.

Haka aka tsara. Duk Asabar Goggo ke zama a tabarma ta fara dubawa. Ta goga, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa a haƙori. Wanda hancinta ya yanke hukunci a kansa, an gama. Wanda ya rikita ta, sai ta tura wa Cornelius da rezarsa. Shi ma ya koyi gugar, ko da yake ta ce hancinsa na alli ne, sai a hankali.

Matsala ɗaya suka samu a shekarar. Wata Hajiya daga Pantami, mai faɗa da yawan jama'a, ta kawo sarƙa mai dutse goma sha biyar da take ji da ita. Goggo ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta ce a kai Zariya. Takarda ta dawo, duka roba. Goggo ta ce Cornelius ne zai faɗa mata tunda shi ne mai ilimi. Cornelius ya ce Goggo ce babba, maganar manya sai manya. Suna cikin wannan ja-in-ja Hajiyar ta yi sallama, kowannensu ya sami abin yi a ɗakinsa. Margaret, wadda ta saba gaya wa mutane abin da ba sa son ji a asibiti, ita ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa, ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani. Hajiyar ta fita tana cewa da ma ita tun farko ba ta yarda da injin Nasara ba, kuma ta ci gaba da sa sarƙarta a kowane biki.